Kakana Ba Ɗan Jarun Ba Ne: Yadda Na Bi Sawunsa A Teku

 

Idan ka tari ɗayanmu da aka haifa a nan Kudu ka tambaye shi abin da ya kawo kakansa, amsar ba ta cika wuce uku ba: ko shanu, ko goro, ko aikin soja. Kuma gaskiya ne, akasarin gidajenmu a kan waɗannan ukun aka kafa su. Amma akwai hanya ta huɗu wadda ba a cika ambatonta a zango ba, wato teku. Akwai tsirarun dattawanmu da ba su tsaya a bakin ruwa ba, sai da suka shiga jiragen dakon kaya na Turawa suka yi aiki, wasu ma a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila. Kakana na wajen uba yana cikinsu. Yau ina so in ba ku labarin yadda na bi sawunsa a cikin takardu da abin da na samo, ko Allah zai sa wani mai irin wannan kakan ya amfana.

Kakan nawa mutumin ƙasar Katsina ne. Ya biyo taragon shanu ya sauka Ikko yana saurayi, 'yan shekaru kafin yaƙi. Ya fara da dako a Iddo, daga baya ya koma Apapa inda ake loda gyaɗa da fatu da auduga a cikin jirage. Ya rasu a 1987, ina ɗan shekara 12. Abin da na riƙe game da shi shi ne dogon tsoho ne marar yawan magana, mai tabon ƙuna a hannayensa duka biyu, kuma ko kwalekwale ba ya yarda ya hau. In mu jikoki muka matsa masa da tambaya, abin da yakan ce bai wuce wannan ba: "Mun shiga ruwa, Jamus suka harbe mu, Faransawa suka tsare mu, Allah Ya dawo da mu." Daga nan sai ya kama carbinsa.

To, wannan kalma ta "tsarewa" ita ce ta zame wa gidanmu ƙaya. Mutumin ya ɓace kusan shekara biyu, ya dawo a rame, babu kuɗi, babu takarda. Da sojojinmu suka dawo daga Bama bayan yaƙi, kowa ya gan su da kaki da lamba da lambobin girma a ƙirji, ba mai musun inda suka je. Shi kuwa ba shi da ko ɗaya. Sai magana ta tashi a unguwa cewa sata ya yi a jirgi aka ɗaure shi, kunya ta sa ya ƙago labarin yaƙi. Masu wannan magana har hujja suke kafawa, wai ai Faransa ƙawar Ingila ce a yaƙin, ta yaya za ta tsare mai yi wa Ingila aiki? Kun san halin zango, magana in ta shiga ba ta fita. An taɓa son ba shi shugabancin 'yan goro a layinsu, wani ya tashi ya ce ba a ba ɗan jarun riƙon amana. Bayan rasuwarsa ma abin bai kwanta ba, don akwai 'yar uwata da aka fasa aurenta bayan an kai gaisuwa, da dangin mijin suka zo bincike aka raɗa musu cewa kakanta ya yi gidan yari. Wannan ne ya sa na ɗaura niyya.

Wurin kakata na fara. Har ta koma ga Allah ban taɓa jin ta kama sunansa ba, Malam take ce masa. Ta ce amarya ce ita lokacin, da cikin mahaifina, sa'ad da ya tafi tafiyar da bai dawo ba sai bayan Babbar Salla biyu. Da shiru ya yi yawa, danginta suka so a je wurin alƙali a raba auren a mai da ita Arewa. Limamin unguwa ya ce a mazhabarmu matar wanda ya ɓace shekara huɗu take jira, ita ma ta ce ba inda za ta. Da koko da ƙosai ta riƙe kanta da jaririnta. Da na tambaye ta sunan jirgin sai ta yi dariya ta ce, "Kai angona, ina ni ina sunan jirgin Nasara? Jirgin gyaɗa dai muke ce masa." Ni ma a nan haka zan ci gaba da kiransa. Amma ta sa aka jawo mini wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado, a ciki akwai gafakarsa.

A cikin gafakar, tsakanin bangon Alƙur'aninsa, na sami wata 'yar takarda da ta yi ja don tsufa, da rubutun ajami layi huɗu. Na kai wa wani dattijon malami a Agege wanda idonsa ya saba da rubutun mutanen da. Layin farko wata kalma ce da ba Hausa ba, ba Larabci ba. Na biyu, watan Rabi'ul Awwal, Hijira 1360. Na uku sunan wani mutum ne, na huɗu kuma addu'ar neman rahama gare shi. Da aka juya lissafin, watan ya faɗo a kan Afrilun 1941. Kalmar farko kuwa na yi zaton sunan jirgi ne yadda kunnen Bahaushe ya ji shi. Da waɗannan layuka huɗu na fara neman.

Kafin in ci gaba, bari in ɗan yi wa mai karatu shimfiɗa, don sai na fahimci zamanin sannan takardun suka fara yi mini magana. Tun da daɗewa jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Libaful da gaɓar Afirka ta Yamma sun dogara ne da mutanen Kuru na Laberiya da Saliyo wajen aikin ƙarfi. Babban kamfanin hanyar shi ne Elder Dempster na Libaful, akwai kuma jiragen John Holt da na UAC da wasu da dama. Da yaƙi ya ɓarke a 1939 aka rasa isassun hannaye, sai aka shiga ɗibar ma'aikata a Ikko. Wata malamar tarihi mai suna Lynn Schler ta yi littafi sukutum a 2016 a kan ma'aikatan jiragen ruwa 'yan Nijeriya, kuma daga wannan lokacin ta ɗauko tushen labarin. Akasarin waɗanda suka shiga mutanen Kudu ne, amma duk ƙaƙƙarfan saurayin da ke dako a Apapa yana iya samun kansa a ciki, kamar yadda ta faru da kakana.

Me jiragen ke ɗauka? Abin da Ingila ke buƙata don ta ci ta kuma yi yaƙi: gyaɗar Kano, manja da ƙwarar manja, koko, kuza daga Jos, da sauransu. Jamus ta san haka, sai ta baza jiragen yaƙinta masu nutso a hanya. Don haka jiragen kaya sukan taru a Firitawun ta Saliyo, su tashi tare cikin rakiyar jiragen yaƙi zuwa Ingila. Duk wanda ya ji labarin fataken Gwanja ya san wannan tsari, ayari ne sak, da madugunsa da masu gadinsa, kuma wanda ya ware daga ayari shi 'yan fashi ke fara ci. Duk da haka asarar ba kaɗan ba ce. An nutsar da jirgin Accra a Yulin 1940. Jirgin Apapa, mai sunan tasharmu, jirgin sama ne ya jefa masa bom a yammacin Ayalan a Nuwamban 1940. An harbe Adda kusa da Firitawun a Yunin 1941. Mafi muni shi ne Abosso, wanda aka nutsar ranar 29 ga Oktoba 1942, mutum 362 suka halaka, 31 kaɗai suka tsira. A watannin nan na 1941 da kakana ya rubuta, wani jirgi mai nutso guda ɗaya, U-107, jirage 14 ya nutsar a fita ɗaya. A jimlace sama da mutum 30,000 ne suka mutu a jiragen kasuwancin Ingila a yaƙin, kuma ba soja ba ne, ma'aikata ne kurum.

Akwai wani shafi a intanet mai suna uboat.net, inda aka jera jiragen da Jamus ta nutsar, wata bayan wata, da inda abin ya faru da inda waɗanda suka tsira suka sauka. Na buɗe watan Afrilun 1941, na ware waɗanda aka harba a yankin Afirka ta Yamma, na ajiye takardar ajamin a gabana. Dabarar da na yi ita ce in karanta kowane suna da ƙarfi, da bakin Bahaushen da bai shiga boko ba, ina saka wasali a duk inda baƙaƙe biyu suka haɗu, kamar yadda muka mai da kalmominsu suka zama tebur da burodi da asibiti. A haka ɗaya daga cikin sunayen ya hau kan kalmar nan daram. Kuma a ƙarƙashinsa an rubuta cewa wasu daga cikin waɗanda suka tsira sun sauka ne a gaɓar da ke hannun Faransa, an kuma tsare su. Ranar ban yi barci ba.

Amma sanin jirgi daban, tabbatar da cewa mutuminka yana ciki daban. Takardun da za su nuna haka suna Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Ingila, a unguwar Kiyu ta Landan. Allah Ya taimake ni akwai ɗan yayata da ke karatu a can. Katin shiga kyauta ne, kuma ana barin mutum ya ɗauki hoton takarda da wayarsa. Ga mai son bi, ga rukunan da suka yi mana amfani. BT 389 katuna ne na zirga-zirgar kowane jirgi, tashar da ya bari da wadda ya nufa da kayan da ya ɗauko. BT 381 takardun yarjejeniyar ma'aikata ne na shekarun yaƙi, kuma ba da sunan jirgi ake neman su ba, da lambarsa ta rajista ne, don haka sai ka fara samo lambar. BT 373 kuma na ma'aikatan jiragen da aka kama ne a lokacin yaƙi.

A nan ne Bahaushe zai gamu da babban cikas, wato suna. Akawun da ke ɗaukar ma'aikata abin da kunnensa ya ji yake rubutawa. Garba ya koma Garuba, Audu ya koma Awudu, Mamman ya koma Momo. Sau da yawa ba ya tambayar sunan uba, sai ya sa sunan gari, ko ya rubuta "Hausa" kawai. Shekarun haihuwa kuwa duban fuska ake yi a yanka. Yaron ya turo mini hotuna fiye da yadda zan iya ƙirgawa, ina bi layi-layi. A takardar tafiyar ƙarshe akwai wani suna da ya yi kama da na kakana, an haɗa shi da Katsina a gurguje, an ce an ɗauke shi a Ikko. Sai dai wannan takarda kwafin ofis ce, don ta asalin ta nutse da jirgin, ba sa hannun kowa a ciki. Masu irin wannan suna kuwa sun fi a ƙirga.

Sai na ce wa yaron ya nemo ta tafiyar da ta gabaci wannan, wadda aka miƙa a Libaful a ƙarshen 1940. A wannan akwai layin sa hannu. Turawa sun sa nasu. Yawancin baƙaƙen fata an yi musu alamar gicciye, akawu ya shaida a gefe. A tsakiyar gicciyen nan sai ga layi ɗaya da aka rubuta daga dama zuwa hagu. Ajami ne. Sunansa ne da na mahaifinsa, cikakku, da irin lanƙwasar da yake yi wa harafin ƙarshe, wadda na sani a gefen Alƙur'aninsa da kuma 'yar takardar nan. Jama'a, akawu ya ɓata masa suna, amma almajirancin da ya yi a ƙauye bai bar shi ya ɓace ba. Ya karɓi alƙalamin Bature ya rubuta kansa yadda ubansa ya raɗa masa, kuma rubutun ya zauna a cikin akwati sama da shekara 70 yana jiran jikansa.

Takardar ta nuna aikinsa: fayaman, mai ba wuta kwal. Sai da na karanta yadda aikin yake sannan na gane tabon hannayensa. Jirgin tururi yana da tanderu a can ƙasan cikinsa, ƙasa da fuskar ruwa. Wasu na turo kwal a baro daga rumbu, su kuma fayaman suna watsa shi cikin wuta da shebur, suna tonon toka da dogon ƙarfe, awa huɗu a bakin wuta, awa takwas hutu, dare da rana har a isa. Ga zafi, ga ƙura, ga jirgi na tangaɗi. Kuma in nakiya ta sami jirgi, su ne na ƙarshen fita, in ma sun fita, don tsakaninsu da sarari akwai tsani bayan tsani. A takarda ɗaya kuma za ka ga albashin baƙin fayaman bai kai na farin fayaman ba, alhali shebur ɗaya ne, wuta ɗaya. Wannan ba sirri ba ne, don a 1940 ma'aikata 'yan Afirka ta Yamma sun yi yajin aiki a Libaful a kan albashi da kuɗin kasadar yaƙi.

Akwai wani layi da ya fi tsaya mini a rai. A gaban sunan kowa an rubuta ranar da aikinsa ya ƙare, kuma ranar ita ce ranar da jirgin ya nutse. Ƙa'idar lokacin ke nan: jirgi ya nutse, albashi ya tsaya, ko da mutum yana cikin kwalekwalen tsira yana fama da ƙishirwa. Sai a watan Mayun 1941 gwamnatin Ingila ta yi dokar da ta gyara wannan, wato makonni kaɗan bayan abin ya sami su kakana. Wannan ya amsa tambayar da 'yan unguwa suka daɗe suna yi, wai in da gaske aiki ya je, ina kuɗin?

Saura batun Faransawa. Masu cewa Faransa ƙawar Ingila ce rabin labari suka sani. A Yunin 1940 Jamus ta ci Faransa, aka kafa gwamnatin Marshal Petain a garin Bishi, wadda ta yi sulhu da Hitila. Ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, waɗanda ake mulka daga Dakar ƙarƙashin Gwamna Boisson, suka bi wannan gwamnati, har da Nijar maƙwabciyarmu. Cadi ce ta bambanta, don gwamnanta Félix Éboué ya bi Janar de Gaulle tun Agustan 1940. A Satumban 1940 Ingila da mutanen de Gaulle suka kai wa Dakar hari ba su ci nasara ba, gaba ta ƙara tsanani. Saboda haka duk ma'aikacin jirgin Ingila da ruwa ya kai shi gaɓar Gini ko Senigal ko Kwaddibuwa yana iya faɗawa hannu. An tsare irinsu a Konakiri da Kankan, wasu har Tumbutu aka kai su. Yau haka akwai kaburburan Turawa biyu a Tumbutu, ma'aikatan wani jirgi mai suna Allende, waɗanda suka mutu a tsare a 1942. Sai bayan da sojojin Amurka da Ingila suka sauka a Afirka ta Arewa a Nuwamban 1942 Dakar ta juya, aka saki mutanen a ƙarshen shekarar. Babbar Sallar shekarar ta zo ne a Disamba. Ku tuna kakata ta ce bayan Babbar Salla ta biyu ya dawo. Lissafin tsohuwa da na takarda suka haɗu cif. A cikin jerin waɗanda aka tsare daga jirgin gyaɗa kuwa, ga gurguwar rubutun nan na sunansa. Ba ɓarawo ba ne, fursunan yaƙi ne.

Sai sunan da ke layi na uku. A Landan, a wani wuri da ake kira Tawa Hil, akwai bangon tunawa da ma'aikatan jiragen kasuwanci waɗanda ba su da kabari sai teku. Sarauniya Elizabeth ta buɗe ɓangaren Yaƙi na Biyu a 1955, kuma sunaye kusan 24,000 ne a jiki, an jera su jirgi-jirgi. Yaron ya je ya nemo allon jirgin gyaɗa. A can ƙasa, cikin sunayen Turawa da na mutanen Kuru, ga sunan mutumin, shi ma an karya shi, amma ana ganewa. Takardar yarjejeniya ta nuna mai turo kwal ne, kuma rana ɗaya aka ɗauke su a Ikko da kakana. Sunan kuwa shi ne sunan baffana, ƙanin mahaifina, wanda aka haifa bayan dawowar tsohon. Mun daɗe muna mamakin inda aka samo sunan, don babu shi a danginmu ta kowane ɓangare, kuma tsohon bai taɓa kiransa da shi ba, Amini yake ce masa.

Na buga hotunan duka na kai wa kakata, na zauna a gabanta ina fassara mata. Da na zo kan sunan abokin sai ta ɗaga mini hannu. A nan ta buɗe abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ta ce a daren da aka harbe su, Malam ne ke da aiki a ƙasa, amma zazzaɓi ya kama shi, abokin ya ce ya kwanta shi zai taya 'yan layinsa. Ta ce sun yi kwanaki a kwalekwale ana raba musu ruwa da murfin gwangwani, kuma a inda aka tsare su shi ke jan salla ga 'yan tsirarun Musulmin da ke wurin. Ta ce duk watan Mauludi sai ya sa ta dafa abinci an kai wa almajirai, mu muna zaton na Mauludi ne kawai, ashe sadaka ce ga wanda ya mutu a madadinsa. Na ce, "Iya, me ya sa bai faɗa wa mutane ba, ya bari ana ci masa mutunci?" Ta ce, "Ya ce in ya ba da labarin sai ya faɗi yadda ya tsira, shi kuwa nauyin wannan ya fi masa nauyin a kira shi ɗan jarun." Da na nuna mata sa hannunsa ta shafa takardar ta ce, "Ni da ma na sani. Ku ne kuke buƙatar takarda."

Gaskiya ta faɗa, muna buƙata. Na rarraba kwafi ga duk gidajen 'ya'yansa da jikokinsa, na kai ɗaya majalisar dattawan unguwa aka karanta bayan sallar La'asar. Waɗanda suka fara maganar duk sun riga mu gidan gaskiya, ba wanda muka riƙe a zuci. Amma yanzu in dangin wani suka zo bincike a kan 'yar gidanmu, akwai abin da za a nuna musu. Kakata ta rasu a 2018, ta kuwa ga wannan da idonta. Baffana kuma ya san mai sunansa, har ya ɗauki nauyin sadakar nan ta watan Mauludi.

Abin da na koya, wanda shi ne dalilin wannan dogon rubutu, shi ne tarihin irin waɗannan mutane a rabe yake gida biyu. Rabi yana cikin akwatunan Turawa: rana, wata, lambar jirgi, albashi. Rabi kuma yana bakin tsofaffin matanmu da cikin gafakar malamanmu. Da takardun Landan kaɗai, da na sami wani gurgun suna wanda ba zan iya rantsuwa a kansa ba. Da maganar kakata kaɗai, da an ce mace ce ke kare mijinta. Sai da aka haɗa su sannan mutum ya fito. Rabin da ke Landan yana da masu gadi da na'urar sanyaya ɗaki, zai jira. Rabin da ke gidajenmu shi ne ba ya jira, kullum sai an kai wani ɓangarensa makwanci, ko gara ta cinye shi a adaka, ko a zubar da shi ranar tashi daga gidan haya.

Don haka ga 'yar shawarata ga duk wanda ya taɓa jin an ce kakansa ya yi aikin jirgi. Fara da tsofaffin gida, musamman mata, ka ɗauki muryarsu a waya. Kada ka tambaye su shekara, tambaye su wace salla, wane wata, wa aka haifa lokacin. Duk takardar ajami da ka gani kada ka raina ta, nemi mai karantawa tun ana samunsu. Ka himmatu wajen gano sunan jirgi, don shi ne mabuɗin komai. In kana neman sunan mutum, gwada shi ta kowace fuska da baƙo zai iya karya shi, ka haɗa da sunan garinsu. In ya mutu a ruwa, duba shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila, kyauta ne. A nan gida kuma akwai Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Ƙasa da ke cikin Jami'ar Ibadan, da rassan Kaduna da Inugu, ga kuma tsofaffin jaridun zamanin irin su West African Pilot ta Ikko da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta Zariya. Mai nema yana tare da samu.

Mu da ke zaune a Kudu sau da yawa ana yi mana kallon baƙin da suka zo jiya. Ya kamata 'ya'yanmu su san cewa tun kafin a ba ƙasar nan 'yanci akwai Bahaushen da ya tashi daga tashar Apapa ya ba jirgi wuta har Libaful, akwai kuma wanda ya bar ransa a hanyar. Aiki ɗaya ya rage mini, shi ne neman dangin abokin kakana, don takarda ta nuna mutumin ƙasar Zazzau ne, kuma wataƙila har yau a gidansu ana cewa ya tafi Ikko ya shiga duniya. Na fara aika saƙo ta hannun 'yan uwa masu zuwa can. In akwai wanda a danginsu aka taɓa rasa wani saurayi da ya tafi aikin jirgi a zamanin yaƙin Hitila ba a sake jin ɗuriyarsa ba, don Allah ya neme ni, akwai amanar da zan isar.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, na tudu da na ruwa, Ya sa mu cika da kyau da imani. Wassalam.